Matarnel ta "ku maimaita bayana" ko ajin da yaro ke zaɓar aikinsa: ina za a kai ɗan shekara huɗu?

A watan Mayu, ana gab da hutun ƙarshen shekara, ƙanwata ta shigo gidanmu a Yelwa bayan la'asar, goyo a baya, takardun talla biyu a hannu. Ɗanta na fari zai cika shekara huɗu kafin a koma lekol a Satumba. Takarda ɗaya ta matarnel ce, wato makarantar ƙananan yara ta kafin firamare, irin wadda kowa ya sani a Garwa, mai rigar makaranta da kaye da aikin gida. Ɗayar an buga mata hoton yara zaune a kan tabarma, an rubuta Montessori da manyan baƙaƙe, kuɗinta kuwa ya ɗara na ta farko nesa ba kusa ba.

"Yaya, ke da kika riƙe alli, raba mu gardama," in ji ta. "Babansa ya ce shi ba zai biya kuɗi a bar masa ɗa yana wasa ba. Wai wasa ga shi nan kyauta a ƙofar gida."

Maganar mijin nata ba ta banza ba ce, iyaye da yawa haka suke gani ko da ba su furta ba. Na daɗe ina riƙe da ajin SIL, wato ajin farko na firamare, kafin in ajiye aiki, na karɓi waɗanda suka biyo ta matarnel, na karɓi waɗanda aka ɗauko kai tsaye daga gindin uwa. Na ce mata takarda ba ta magana, mu je mu zauna safiya guda a kowane aji tun yara suna nan. Wanda ya bari sai Agusta, sabon fenti kawai zai gani da bakin direkta mai zaƙi.

A tsarin Kamaru matarnel ba dole ba ce. Tana ƙarƙashin ma'aikatar ilimin farko, wato MINEDUB, shekara biyu ce daga shekara huɗu, sai dai makarantun kuɗi sukan ƙara ƙaramin aji na 'yan shekara uku. Firamare da shekara shida ake shigarta, a ɓangaren Faransanci ajin farko shi ne SIL. Soke kuɗin makaranta da aka yi a 2000 firamaren gwamnati ya shafa, bai haɗa da matarnel ba, don haka ko wacce aka zaɓa sai an taɓa aljihu. Tambayar ita ce me ake saye.

Mun fara da wadda muka saba. Yara a jere a benci, madam a gaba da sanda tana nuna allo. Suka miƙe gaba ɗaya suka gaishe mu da murya guda, har ƙanwata ta yi murmushi. Aka rera ranakun mako da Faransanci, aka rera watanni, aka ƙirga har talatin. Sannan kowa ya ciro ɗan allonsa, madam ta zana sanda a tsaye, aka zana, ta buga tebur, aka ɗaga alluna sama. Komai tsaf.

Ba zan rage wa wannan hanya haƙƙinta ba. Yaron da Hausa ce a gidansu, Fulatanci a layi, Larabci a makarantar allo, sai ranar farko ta SIL zai ji wani yana yi masa magana da Faransanci daga safe har azahar. Na ga irinsu suna yin wata biyu ba su buɗe baki ba. Wanda ya biyo ta matarnel kunnensa ya riga ya saba, ya san "zauna", "tashi", "buɗe kaye", ya san yadda ake neman izinin fita fitsari, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan shekara shida. Ya kuma saba da zama cikin taro ana magana daga nesa, kuma abin da ke jiransa a firamare ke nan, musamman a tamu ta gwamnati inda aji ke cika har bakin ƙofa. Ga sauƙin kuɗi, ga ta kusan a kowace unguwa, kuma malama mai matsakaicin horo tana iya tafiyar da ita ba tare da ajin ya watse ba. Uba kuma yana ganin abin da ya biya: kaye cike da jan biro, yaro na rera waƙa gaban baƙi.

Da aka fita hutun cin abinci sai na kira wata yarinya da na ji muryarta ta fi ta kowa a ƙirga. Akwai marafan kwalba cikin wani gwangwani a kan taga. Na ce, da Faransanci sannan da Fulatanci, ta kawo mini shida. Ta dubi gwangwanin, ta dube ni, ta cika hannu ta zube mini a cinya. Goma sha ɗaya ne. Yarinyar ba daƙiƙiya ba ce. Ƙirgar da ta iya waƙa ce, ba wanda ya taɓa haɗa mata kalmar shida da abu shida da za ta taɓa da yatsa. Wannan shi ne ramin da ke cikin hanyar, kuma ba ya bayyana sai an kai CP ko CE1, wato aji biyu ko aji uku na firamare, lokacin da hadda ta daina rufa asiri. Ƙari a kan haka, aji duka tafiya ɗaya yake yi: mai saurin ganewa ya gaji da jira ya fara tsokana, mai nawa a wuce shi yana motsa baki kawai. A watan Afrilu kuwa, da zafin Garwa ya haura digiri 40, a ce ɗan shekara huɗu ya zauna a benci ƙarƙashin kwano ba motsi, ai sai da tsawa, wani wurin har da bulala. Manhajar da ma'aikata ta fitar a 2018 ta karkata ga yaro ya koya ta hanyar aikatawa, amma madam ɗaya da yara cike da ɗaki, abin da aka yi mata tana ƙarama shi take komawa.

Kashegari muka hau babur zuwa ta biyun, can wani gefen gari.

Hanyar da sunanta ke jikin takardar ba ta masu kuɗi ba ce a asalinta. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, an haife ta a 1870, ta rasu a 1952. Ajinta na farko ta buɗe shi a Janairun 1907 a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum, don 'ya'yan leburori da ake bari suna gararamba a gidan haya iyaye sun tafi nema. Abin da ta lura da shi shi ne, in aka ba ƙaramin yaro aikin hannu da ya dace da shi, aka ƙyale shi, yakan nutse a ciki ya yi ta maimaitawa ba wanda ya sa shi. A kan wannan ta gina komai: yara daga shekara uku zuwa shida a ɗaki ɗaya, kayan aiki a kanta daidai tsayinsu, dogon lokaci da safe, kusan awa uku, wanda ba a katse shi da ƙararrawa, malama kuma ba ta tsaya a gaba ba, tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wasu hanyoyin masu kama da ita, kamar ta garin Reggio Emilia da ta taso a Italiya bayan yaƙin duniya na biyu, amma a nan sunan Montessori ne ake rubutawa a allon ƙofa.

Ajin da aka fara shigar da mu shiru ne, ba irin shirun tsoro ba, irin na wurin ɗinki da kowa ya duƙufa. Wani yaro ya shimfiɗa 'yar tabarma yana jera katako goma masu ruwan hoda, daga babba mai faɗin santimita 10 zuwa ƙarami mai santimita 1. Ya ɗora na shida kafin na biyar, hasumiyar ta karkace. Ba wanda ya ce masa komai. Ya ja da baya ya kalle ta, ya rushe, ya sake. Wata tana juye gero daga kofi zuwa kofi, ya zube, ta je ta ɗauko 'yar tsintsiya da kanta. Wata babba, kamar 'yar shekara biyar da rabi, tana shafa harafin da aka yanka da samfefa aka manna a katako, tana furta sautinsa a hankali, ƙaramar da ke gefenta ta zuba mata ido. Madam na durƙushe kusa da wani tana nuna masa sandunan ƙirga, ja da shuɗi, ba ta fi kalma biyar ta faɗa ba. Ta tashi ta rubuta wani abu a ɗan littafinta.

Ƙanwata ta raɗa mini, "Yaya, to ita madam ɗin me take yi?"

Aikin da ya fi na kowa wuya take yi. Dole ta san inda kowane yaro ya tsaya, abin da ya ƙware a kai, abin da yake gudu, da ranar da ya dace a nuna masa na gaba. Kuma 'yancin da ake faɗa yana da shinge. Yaro na zaɓa ne daga abin da aka riga aka nuna masa. Kowane kaya guda ɗaya ne a ajin, in wani na amfani da shi sai ka jira. In ka gama ka mayar inda ka ɗauko. Ba ka taka tabarmar wani. Masu tsoron cewa yaro zai tashi ba kwaɓa, ya raina manya, su zo su ga ɗan shekara uku yana naɗe tabarmarsa ba a ce masa ba. Ladabin gaisuwa da durƙusawa dama ba a lekol muka koye su ba, a tsakar gida ne.

Ina zaune a wurin sai makarantar allo ta faɗo mini a rai. Mu da muka tashi da allo bai kamata wannan tsari ya zama mana baƙo ba. A gaban malam ba a tafiya tare: wannan yana babbaƙu, wancan farfaru, wani ya kai izu biyu, kowa da allonsa, ba a wanke maka sai ka iya naka, manya kuma suna biya wa ƙanana. Yara masu shekaru daban a wuri ɗaya, kowa da saurinsa, mun san shi tun kafin a haifi likitar Italiya. Inda suka rabu shi ne a allo yaro ba ya zaɓar abin da zai karanta, kuma dorina na kusa. Haka ma juye gero da shara da wanke kofi, waɗanda a Turai sai an sayi ƙananan kaya an shirya musu darasi. 'Yar da ke tuwon ƙasa a bayan ɗaki, ɗan da ke ƙera mota da kara da gwangwanin madara, aikin nan suke yi. A nan mijin ƙanwata yana da gaskiya rabi. Abin da ƙofar gida ba ta bayarwa shi ne tsani: wanda zai ɗauki wannan nutsuwar ya kai ta ga harafi da lamba, mataki bayan mataki.

Masu bincike sun gwada hanyoyin biyu, sakamakon kuma bai kai yadda masu talla ke faɗa ba, bai kuma yi ƙasa yadda masu kushe ke so ba. A birnin Milwaukee na Amurka akwai makarantar Montessori ta gwamnati da ake shiga da ƙuri'a. Angeline Lillard da abokiyar aikinta suka kwatanta waɗanda ƙuri'a ta faɗa musu da waɗanda ba ta faɗa musu ba, suka wallafa a mujallar Science a 2006: 'yan shekara biyar na Montessori sun fi a shirin karatu da lissafi da iya riƙe hankali. Yaran dai ba su da yawa. A yankin Liyon na Faransa aka yi wani a matarnel ta gwamnati a unguwar marasa ƙarfi, aka wallafa a 2021: an sami fifiko a karatu, amma a lissafi da zamantakewa kusan kunnen doki aka yi. Wanda ya fi kama da halinmu shi ne na Gana, a makarantu 240 na yankin Akara a shekarar karatu ta 2015 zuwa 2016. An horar da malamai su rage hadda su ƙara wasa da aikin hannu, ana bin su aji ana gyara musu, yara kuma suka amfana. Abin mamaki, a makarantun da aka haɗa da tara iyaye ana yi musu bayanin sabuwar hanyar, ribar ta zube. Ɗaya daga cikin dalilan da aka kawo shi ne iyaye da yawa ba su yarda ba, karatun allo da horo suke so su gani. Wannan ya tsaya mini a rai. In gida na ja gabas, aji na ja yamma, yaro ne igiyar.

Sai aka kai mu aji na biyu a wannan makarantar dai, kuɗi ɗaya, riga ɗaya. Katakon ruwan hoda na nan, amma a saman kabad, ƙura ta rufe shi. Yara na zagaye ɗakin, biyu na kokawa a kan mota, ɗaya na kuka, madam na bakin ƙofa da waya. Da ta gan mu sai ta tafa hannu ta tara su suka fara rera ranakun mako. Na tambaye ta inda ta koyi hanyar. Ta ce direkta ya yi musu bayani kafin a buɗe.

Sunan Montessori ba mallakar kowa ba ne. Tun 1967 hukumar rajistar sunaye ta Amurka ta ƙi mallaka wa wata ƙungiya shi, kuma duk mai fenti yana iya rubuta shi a bango. Wannan ne ya sa kwatancin bai tsaya a kan hanya biyu ba. Ajin da yaro ke jagora in ya samu malamar da ta iya, ya fi ajin hadda, ban da shakka a kan haka. In bai samu ba, ya fi ajin hadda lalacewa, domin ita hadda ko ba komai yaro zai fito da waƙa da sabon kunne, wannan kuwa hayaniya zai fito da ita a farashi mai tsada. Hanyar hadda tana jure malama mai rauni da aji mai cunkoso. Ɗayar ba ta jurewa ko kaɗan.

Saboda haka wanda zai zaɓa ya roƙi a bar shi ya zauna awa guda a ajin da za a sa ɗansa, ba ajin da ake nuna wa baƙi ba. Makarantar da ta hana, ta riga ta ba da amsa. Ya duba ko kaya na inda hannun yaro zai kai, ko sun nuna alamar taɓawa. Ba sai na Turai ba: marafan kwalba, ƙwallon dabino, ƙorai, wake, yashi a faranti don zana harafi, duk suna aiki in an jera su da manufa. Ya ƙirga yara, ya ƙirga manya. Ya tambayi madam takardarta, CAPIEMP daga makarantar horon malamai ta ENIEG ita ce ta koyarwa a matarnel da firamare, sannan ya tambaya wa ya koya mata wannan hanyar, na tsawon wane lokaci. Tambayar da ta fi tona asiri ita ce a nuna wani yaro a ce, "Madam, wancan me yake koyo a makon nan?" Madam ɗin ajin farko na makarantar Montessori ta ba ni amsa ba ta buɗe littafi ba. Sannan ya saurari harshe. Malamar da ke rarrashin ɗan shekara huɗu da Hausa ko Fulatanci, ta faɗa masa sunan abin da Faransanci yana riƙe da shi a hannu, ta fi wadda ke hana "yaren gida" tun daga ƙofa.

Faransancin nan shi ne inda nake ja wa masu hanyar zaɓi birki. A Rum ko Liyon yaro da harshen makaranta yake kwana yake tashi. Namu ba haka ba ne. In ya yi awa uku shiru yana jera katako, yaushe zai ji Faransanci har ya kama? Ajin da ya dace da mu sai ya ware lokaci kullum a zauna da'ira a yi waƙa, a yi tatsuniya, a yi hira, kuma a shekarar ƙarshe a koyar da sautin haruffa da gangan, ba a jira sai yaro ya nema ba. A kuma gaya wa iyaye gaskiya: wanda ya saba tashi ya ɗauko abin da yake so, makonnin farko na SIL za su yi masa nauyi. Yakan saba, amma sai an shirya shi.

Shekaru ma suna da magana. Ɗan shekara uku ko huɗu ba shi da abin yi da kaye da aikin gida, yatsunsa ba su gama ƙwari ba, a nan hanyar zaɓi ta yi nisa. Ɗan shekara biyar da zai shiga firamaren gwamnati baɗi, kuma ba mai jin Faransanci a gidansu, matarnel ta gargajiya mai malama mai haƙuri ba za ta cuce shi ba, in dai a gida ana sa shi ƙirga cokula da raba ƙosai. Nisa kuma ba abin rainawa ba ne. Ɗora ƙaramin yaro a babur sau biyu a rana ya ratsa gari, da ƙurar hunturu da ranar bazara, ga kuɗin mai babur a kan kuɗin makaranta, wannan kaɗai ya isa ya sa a zaɓi ta kusa. A ƙauyuka ma zancen bai taso ba, in an sami cibiyar yara ta al'umma, wadda ake kira CPC, an gode Allah. Wanda kuma zai ci bashi don allon ƙofa, gara ya bar yaron wurin kakarsa shekara guda.

Da daddare mijin ƙanwata ya zo ɗaukarta, muka zauna a tsakar gida na ba shi labarin marafan kwalba. Ya kira ɗansa, ya ce ya kawo masa takalma huɗu daga bakin ƙofa. Yaron ya kwaso duk abin da hannunsa ya iya ɗauka. Uban ya yi dariya, ya ce wannan ai bai shiga ko'ina ba tukuna.

Sun sa shi a ta biyun, da sharaɗi biyu. Ƙanwata ta ce wa direkta ko ajin madam ta farko ko a mayar mata da kuɗinta, ta tsaya har aka rubuta sunan a gabanta. Uban kuma ya ce shekara ɗaya ya yarda, in Mayu ta zagayo za a sake zama a duba ko za a bar shi ko a mayar da shi ta unguwa don shekarar ƙarshe. Allo bayan la'asar yana nan yadda yake.

A Nuwamba na je gidansu da safe na tarar ana rigima a kan koko. Yaron ya ƙi a zuba masa, shi zai zuba da kansa. Ya riƙe ludayi da hannu biyu, harshe a waje, rabi a kofi rabi a ƙasa. Ya ajiye, ya tafi neman tsumma. Inna na zaune a kan tabarma da carbi tana kallonsa.

"Yanzu kuɗin da kuka biya ke nan," in ji ta, "a koya masa ɓarin koko?"

Ƙanwata ta ce, "Inna, ai shi zai goge."

Inna ta ja ƙafarta gefe don ya sami wurin gogewa.